Fuskar Saje a Cikin Ruwa

…kuma minti goma ne kawai, Yaya. Minti goma ake barin hoto a ruwa idan ya manne da gilashi, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran tsofaffin hotuna. Ruwa mai sanyi, tire mai tsabta, ka kwantar da shi a hankali, ka tsaya a kansa — ka tsaya a kansa! — har takardar ta saki gilashin da kanta. To ni ina na tsaya? A bakin ƙofar shago, baki buɗe, gemu da furfura, ina kallon titi.

Ga shi nan yana bushewa a kan farin tawul. Hula tana nan. Kafaɗu suna nan. Igiya uku a hannun riga, saje ne, kowace igiya ta fito fes. Aljihu biyu, bel, maɓallai, har karin gugar da ya sauko daga kafaɗa, duk sun tsira. Tsakanin hula da wuyan riga kuwa babu komai. Farar takarda ce, da ɗan jirwaye a gefe inda kunne yake a da. Ko ba kunne ba ne? Ban ma sani ba.

Fuskar ta tafi, Yaya. Ni na tafiyar da ita.

Da na dawo daga ƙofa na sa yatsu na ɗaga gilashin, ya taso ba gardama, har na ji daɗi, wai aiki ya yi kyau. Sai na ga siririyar fatar nan da hoto yake zaune a kanta tana zamewa, kamar yanar da ke kan dafaffiyar madara. Daidai wurin da ya manne, daidai wurin da danshi ya daɗe yana ci. Na kai buroshi in tare ta… ta rabu biyu. Na sake kaiwa, ta zama zare-zare, sannan ruwan ya yi toka-toka. Shi ke nan. Ruwan yana nan a tiren, na kasa zubarwa. Ina zan zubar da shi, a kwata?

Ƙarfe biyu da kwata. Ƙarfe huɗu za su zo.

Jiya ta shigo, malamar asibiti ce, da fararen kayan aikinta, ta rungume abin a ƙirji cikin tsohon zani. Ba ta ajiye shi a tebur ba sai da na share teburin a gabanta. Ta ce, “Malam, shi kaɗai ne. Babu wani a duniya.” Mahaifinta ne. An tafi da su fagen yaƙi tana ciki, bai dawo ba, ba ta taɓa jin muryarsa ba. Uwarta ta ajiye hoton a ƙasan akwati, ba ta yarda kowa ya taɓa, ita kanta ’yar sau nawa ta gan shi? Rufi ya yi yoyo wata damina, ruwa ya shiga akwatin, gilashin ya yi hazo daga ciki. Yanzu tsohuwar ta fara rikicewa, tana kiran jikoki da sunan matattu, ’yar tana so ta rataye mata shi kusa da gado. Da kyar aka raba tsohuwar da shi. Ta ce kwana ɗaya ta yarda ya yi a waje, kuma da ƙafarta za ta zo ta karɓa.

Na ce mata kada ta damu. Ni na faɗa, da wannan bakin. Har da murmushi.

Maigidana da ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya yake dukan tebur a kai: kafin ka jiƙa, ka ɗauki kwafi. Ko hoton akuya ne. An ɗauke wuta tun jiya, sikana, na’urar ɗaukar kwafin, ba ta tashi, gaskiya ne… amma waya fa? Waya tana aljihuna! Sakan biyu ne, ƙyas, an gama. Me ya hana ni? Na san abin da ya hana ni. Akwai tambari a goshin hular, hazon gilashin ya rufe rabinsa, ni kuma na ƙagu in gan shi sarai. Irin na da ne, wanda aka daina tun kafin a ɗauke ka soja. Tun asuba nake tunaninsa. Na buɗe shago ko shayi ban sha ba na zuba ruwa a tire.

Sai badujala. Daga can ƙasan titi, ganga tana dukan ƙirjin mutum tun kafin ya gan ta. Sababbin kurata ne aka fito da su atisayen fareti, sahu uku, takalma suna sauka lokaci guda. Na ce leƙawa kawai zan yi. Suka wuce. Suka kai shataletale. Kuma na san idan sun kai can juyowa suke yi… na jira su dawo, Yaya. Wannan ne abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai kai. Ba mantawa na yi ba. Na tuna da hoton, na ce bari dai su dawo. Minti arba’in.

Uwar yara ta sha faɗa mini, “Kai dai da ka ga kaki, ko gobara ake a gida sai ka tsaya ka sara.” Dariya nake yi idan ta faɗa.

To tuna, mana. Zauna ka tuna. Ka riƙe hoton nan jiya ya fi minti ashirin, ka sa tabarau, ka sa gilashin ƙara girma. Hazo ne, amma ana ganin mutum. Yana da gashin baki? Ina jin yana da… a’a, wancan ɗan sandan makon jiya ne. Hancinsa dogo ne ko shimfiɗaɗɗe? Idanunsa suna kallon kyamara ko gefe? Akwai tsaga a kumatu? Yana murmushi? Ba sa murmushi a irin hoton nan, amma shi fa? Na san bakin bel ɗinsa ya ɗan karkace hagu. Na san maɓalli na uku ba irin sauran ba ne, an sake shi. Na san wanda ya goge rigar ya iya guga, ya sa sitati daidai. Tana ta ba ni labarin ubanta, ni ina can cikin aljihun rigarsa. Ban kalli mutumin ba. Ko sau ɗaya ban kalle shi ba.

Tela maƙwabcina ya leƙo ɗazu, tef a wuya, ya ga tawul, ya ga fuskata, ya gane. Ya ce, “Kai ma da tsoro. Ba an kawo wuta ba? Manna masa wata, ai soja duk kamarsu ɗaya da zarar sun sa hula. Tsohuwa ido ya tafi, ’yar ba ta san shi ba. Wa zai kai ƙara, shi mamacin?” Ya yi dariyarsa ya koma kan kekensa. Ina jin keken yanzu ta bango, tirrr, tirrr, hankalinsa kwance.

Kuma ba ƙarya ya yi ba, shi ne abin haushin. Ina da su a kwamfuta, fuskoki sun fi dubu. Ina da kaki kala-kala, na ƙasa, na sama, na ruwa. Rabin masu zuwa shagon nan ba gyara suke so ba, ƙari suke so. “Malam, ƙara wa Baba igiya ɗaya, ai saura kaɗan a ba shi ya rasu.” In ƙara. “Malam, sa wa kakanmu kaki, ya yi gadi a bariki.” In sa masa. Wani mai sayar da taya ya zo da hoton aurensa, ya ce in cire babbar rigar in sa masa anini biyu a kafaɗa, zai rataye a falo. Na yi masa, na yi masa da kyau, har na ji kishi. Ban taɓa ganin laifin abin ba. Mutum yana so a gan shi a tsaye, a miƙe, wani abu yana riƙe da kafaɗunsa. Wa ya fi ni sanin wannan?

Inci ɗaya. Ka tuna? Filin ɗaukar soja, rana tsaka, mu ɗari nawa ba riga, an rubuta mana lamba a ƙirji da alli. Kai kana gabana. Aka zagaya maka tef, aka ce wuce. Aka zo kaina, na ja numfashi har na ga duhu-duhu, kofur ɗin ya duba tef ya dube ni ya ce, “Je ka ci abinci, ka dawo baɗi.” Na dawo baɗi. Na dawo wata baɗin. A ta uku ko tef bai ɗauko ba, da ya hango ni sai ya girgiza kai. Kai kuma ka zo hutu da kaki, unguwa ta fito, yaran da muke wasa da su suna taɓa hannun rigarka, Inna tana kuka tana dariya. Ni nake goge maka shi. Ba ka taɓa sa ni ba, ni nake roƙo. Ranar da ka fita wanka na saka shi na tsaya gaban madubi, ka shigo ka same ni, ka riƙe ciki. “Tsinke, cire, kar iska ta tafi da kayan gwamnati.” Har ka mutu Tsinke kake kirana.

Biyu da minti arba’in.

Bari in gwada. Gwadawa kawai, ba wai na yanke ba. Na sa shi a sikana, ga shi a allo, farin rami a ƙarƙashin hula. Wannan fuskar… ta yi faɗi, wuyan bai ɗauke ta ba. Wannan ta yi yaro. Wannan ta zauna. Kai, ta zauna kamar don ita aka ɗinka rigar. In rage haske ta hagu, in sa mata ɗan hatsi-hatsin tsohuwar takarda, in jawo inuwar hula ta sauko kan gira. Minti goma sha biyar in gama. Babu wanda zai gane, ko maigidana ya tashi daga kabari sai ya sa tabarau.

Wane ne shi ma, wannan ɗin? Direban wani kamfani ne, ’ya’yansa suka kawo shi bara. Yana da nasa ’ya’yan. Yanzu in ɗauke shi in kai shi ɗakin wata tsohuwa, ya rataya kusa da gadonta, ta riƙa yi masa magana da safe, ta mutu tana kallonsa? Malamar ta nuna wa ’ya’yanta ta ce ga kakanku, su duba madubi suna neman hancin direba a fuskarsu? In ta gane fa? In tsohuwar ta ɗaga ido ta ce, wannan ba mijina ba ne? In kuma ba ta gane ba… wannan ya fi muni. Ban san dalili ba, amma ya fi muni.

Goge. Na goge. Ramin ya dawo.

Ita ’yar fa? Ta ce ana cewa goshinsa ta ɗauko. In ce ta tsaya in ɗauke ta, in ciro goshi, in ciro ido, in taurara haɓa… in haifi uba daga cikin ’yarsa. Da wane hancin? Da wane bakin? Ni ko ita ɗin ban kalla da kyau ba. Fararen kaya na gani, da agogon da suke maƙalawa a ƙirji. Ka ji ni, ko? Ita ma kayan na kalla.

Yaya, bari in tambaye ka wani abu. A’a, kaina nake tambaya. Ya fuskarka take?

Tsaya. Na san ka. Ɗaki ɗaya muka kwana shekara goma sha tara. Ga hularka a karkace, ga kafaɗarka, ga yadda kake tsayawa ƙafa a ware, hannu a baya. Ga… ga me? Cire hular. Cire masa hular, ka dube shi. Ba ya zuwa. Wallahi ba ya zuwa. Muryarka tana nan, dariyarka tana nan, amma fuskar sai ta yi ta zamewa.

Ka yi ritaya ka dawo gida, ka koma sa jallabiya da silifa, ciwon suga ya cinye ka a hankali, shekara tara. Tsakanin shagon nan da gidanka mota ɗaya ce. Sau nawa na je? Da kana bariki, kwana nake yi a hanya in zo in gan ka, in tsaya a bakin ƙofa in ce ni ƙanin wane ne, a sara mini. Da ka tuɓe kakin sai aiki ya yi mini yawa. Matarka ta aiko, “Yayanka yana cigiyarka.” Na ce gobe. Ranar da na je kana kwance a tabarma, ka rame, ka ce, “Tsinke, yanzu ni ne tsinken.” Na yi dariya ina kallon bango, inda hotonka na fareti yake. Kana ƙasa kana mini magana, ni ina kallon na bangon. Na ji kunyar ganinka haka. Kunya na ji, Yaya, ba tausayi ba, yau na faɗa.

Ina da hoton nan a gida, zan iya zuwa in duba, in ce au, ga hancinsa. Ni ina da inda zan duba. Su fa?

Uku da rabi. In rufe shago in tafi? In ce wa tela ya ce musu an kira ni gida, rasuwa aka yi. Gobe fa? Jibi fa? In ce sinadarin ne ya lalace, in ce da ma hoton ya riga ya mutu tun a akwati, ba mai iya ceto shi. Za ta yarda, ma’aikaciyar asibiti ce, ta san akwai abin da ake kawowa a makare. Za ta ma yi mini godiya. Za ta ce, “Ka yi iya ƙoƙarinka, Malam.” Wannan godiyar ita za ta kashe ni.

A’a. Akwai hanya ɗaya, guda ɗaya tak. Tsohuwar ta yi zaman aure da shi. Ta ga fuskar nan da safe, ta gan ta a gajiye, ta gan ta tana cin abinci. Masu rikicewa jiya suke mantawa, shekara hamsin baya kuwa tana nan daram, kowa ya san haka. Ni kuma na iya zane, da fensir na fara kafin kwamfuta ta zo. In faɗa musu gaskiya, in zaunar da ita, ta riƙa faɗa ina zanawa. Goshi haka? A’a, ƙara faɗi. Ido haka? In yi wata guda ina yi, in rufe shago, in bi ta gida kullum, har ranar da za ta ce shi ne. Ba zai zama hoto ba, amma zai zama shi. Daga bakinta zai fito, ba daga fuskar direba ba. Allah ka sa. Allah ka sa tana da shi.

Takarda. Fensir. Kujera mai hannu, in share ta.

Ga muryar malamar tana gaida tela. Ba su ma bari huɗun ta cika ba. Taki ɗaya-ɗaya, sanda tana taɓa dakali. Ƙaramar mace ce, ashe, ta yi kwalliya, ta sa sabon mayafi, har da turare. Don shi ta yi.

Na faɗa. Ban san da wace murya ba, amma na faɗa, a tsaye, ban cire komai ba, har faretin. Malamar ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Ta dafa tebur, tana kallon tawul ɗin.

“Kin ɗauka a waya?” Ni ne nake tambaya, ni da ban ɗauka ba.

“Na gwada, walƙiyar gilashi kawai take fitowa. Na ce bari sai ka gyara.”

Tsohuwar ba ta saurare mu ba. Ta zauna, ta jawo tawul ɗin gabanta da yatsu biyu, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar. Tana shafa hannun rigar. Tana shafa aljihun.

Na durƙusa a gefenta, takarda a gwiwa. “Inna, ki taimake ni. Ya kamanninsa suke? Fara daga goshi, ko ido, duk inda kika ga dama. A hankali, ba sauri muke ba.”

Bakinta yana motsi. Tana nema, ina ganin tana nema, idanunta suna yawo a farin wurin nan. Zo mana, bawan Allah, zo mata ko sau ɗaya…

“Dogo ne,” in ji ta.

“To, dogo. Fuskar fa, Inna?”

“Ɗan nan, ai na daɗe da mantawa. Tun wannan tana goye.” Ta nuna ’yarta da haɓa. “Shi ya sa nake buɗe akwatin kullum in duba.”

Malamar ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa. Fensirin yana hannuna, ban san me zan yi da shi ba.

Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ba fushi, ba komai, irin kallon da ake yi wa mai aikin da aka yarda da shi. Ta sa yatsa a gefen farin wurin.

“Ka cire ta ne ka wanke? To madalla, da ma ta yi datti. Je ka ɗauko ka mayar, zan jira.”

Ta jingina sandarta da tebur. Ta gyara mayafi, ta haɗa hannu biyu a cinya.

Tana jira, Yaya…